IDAN MOTA TA ƘI TASHI: DARASI A KAN BATIRI DA WAYOYIN WUTA

Darasinmu na wannan fitowa a kan mota yake. A ƙasar Damargu mota ce ke kai gero da wake kasuwa, ita ke ɗaukar tumaki da awaki zuwa Bakin Birji da Damagaram, kuma ita ce ke kai mara lafiya asibiti. Daga Damagaram zuwa Tanut tafiyar kusan kilomita 150 ce a kan babbar hanyar Agadas. Wanda ya bar wannan hanya ya nufi Tenhiya ko Belbeji ya shiga yashi da gargada. A can garejin gyara yana da nisa. Direban da bai san kan wutar motarsa ba yana iya kwana a daji saboda noti ɗaya.

Abin da ya faru a idona

Wata shekara da bazara na fita zagayen duba azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙasar Tenhiya. Dare ya yi mana, muka sauka a wani zango kusa da rijiya. Kafin asuba aka tashe mu. Wata mata ta kwana tana naƙuda, abin ya gagara, ana son a kai ta Tanut. Aka shimfiɗa mata tabarma a bayan mota. Direba ya murɗa makulli, muka ji "ƙas", daga nan shiru. Ya sake murɗawa, haka nan. Tura mota kuwa ba ta yiwuwa, don ƙafafunta suna cikin yashi.

Direba ya juyo ya ce mini, "Malam, batiri ya mutu."

Yaron motarsa ya ce, "Maigida, don Allah kunna manyan fitilu mu gani."

Fitilu suka kama da haske sosai. Aka murɗa makulli, hasken bai ragu ba. Yaron ya ce, "Maigida, batirin nan yana da rai." Ya ɗauki tocila ya shiga ƙarƙashin mota, ya bi baƙar waya har ya iske wadda ta haɗa inji da shasi. Notinta ya kwance, wurin ya yi tsatsa. Ya kankare da wuƙa, ya ɗaure notin. Murɗawa ɗaya mota ta tashi. Allah ya sa muka isa a kan lokaci, matar ta sauka lafiya. Amma mun yi hasarar kusan awa guda a kan aikin da bai fi minti goma ba. Abin da yaron nan ya sani shi ne za mu koya yau.

Yadda wuta ke tafiya a cikin mota

Ku dubi yadda ake jan ruwa a rijiyoyinmu masu zurfi. Raƙumi ko sa yana jan igiya ya yi nisa, guga ta fito. Dole kuma ya komo bakin rijiya kafin a sake jan wata. Idan aka tare masa hanyar komowa, aiki ya tsaya, ko da yana da ƙarfi.

Haka wutar lantarki take. Tana fita daga batiri, ta je ta yi aiki a fitila ko oda, sannan ta komo cikin batiri. Idan hanyar zuwa ta yanke, babu aiki. Idan hanyar komowa ta yanke, nan ma babu aiki.

Batiri yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa, wato +. Shi ya fi kauri, kuma yawanci jar waya ce a jikinsa. Ɗayan yana da alamar ɗebewa, wato −, da baƙar waya. Daga kan + wayoyi suke rarrabuwa zuwa kowane abu mai aiki da wuta. Amma masu ƙera mota ba su ja waya ta biyu daga kowace fitila zuwa batiri ba. Sun bar ƙarfen motar ya zama hanyar komowa. Shi ya sa baƙar wayar batiri gajeriya ce, an ɗaure ta da noti a jikin mota. Akwai kuma wata waya mai kauri, sau da yawa saƙaƙƙiya kamar kitso, wadda ta haɗa inji da shasi. Ana buƙatarta domin inji yana zaune a kan robobi, roba kuwa ba ta barin wuta ta wuce. Wannan hanyar komowa ta cikin ƙarfe ita makanikai na ƙasarmu suke kira mas. Ku riƙe wannan kalma.

Wasu tsofaffin motocin Ingila na kafin 1970 an haɗa su akasin haka, kan + ne a jikin ƙarfe. Motocin da muke gani yau kan − ne mas ɗinsu.

Abin da ke cikin batiri

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro irin wannan batiri a 1859. A 1912 aka fara sa wa motocin Cadillac na Amurka na'urar tayar da inji da wuta. Kafin nan da hannu ake juya inji. Wannan na'ura makanikanmu suna ce mata demarer, a Nijeriya kuma sitata.

A cikin batiri akwai ɗakuna shida. A kowane ɗaki akwai fayafayan dalma jiƙe cikin ruwan asid. Kowane ɗaki yana ba da volt 2 da ɗan ɗori, jimla a ce volt 12. Shi ne abin da kuke gani an rubuta a jikinsa: 12V. Manyan motocin ɗaukar kaya suna haɗa batiri biyu su sami volt 24.

Volt ma'aunin ƙarfin turin wuta ne. Amfiya kuma ma'aunin yawan wutar da ke gudu cikin waya. Babbar fitila ɗaya ba ta cin fiye da amfiya 5. Demarer kuwa yana cin amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramar mota mai aiki da fetur, a mota mai gazuwal kuma ya fi haka nesa. Wannan bambanci yana bayyana abin da ke ruɗa direbobi. Waya mai tsatsa tana iya barin amfiya 5 ta wuce, rediyo ya yi magana, fitila ta kama. Amma amfiya 200 ba ta iya bi ta wurin. Ƙofar da akuya ke shiga ba lallai raƙumi ya shiga ba.

Abokan gaban waya a ƙasarmu

Na farko zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Ruwan batiri yana ƙafewa da sauri, robar da ke rufe waya tana bushewa ta tsage.

Na biyu gargada. Girgizar hanya tana kwance noti a hankali. Tana sa waya ta yi ta gugar ƙarfe har robarta ta cinye. Batirin da ba a ɗaure ba yana tsalle a mazauninsa, fayafayan cikinsa su lalace.

Na uku tsatsa, da wani gari fari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kan batiri. Tururin asid ne ke cin ƙarfe ya haifar da shi. Wannan gari yana shiga tsakanin kan batiri da zoben da ke kama shi, ya tare wuta.

Na huɗu ɓera. Motar da ke ɗaukar hatsi, ko take kwana kusa da rumbu, ɓera yana shiga cikinta ya ci robar waya.

Na biyar hannun mutum. Ana ƙara rediyo, ko fitila, ko wurin cajin wayar salula, a murɗa waya da hannu a rufe da leda. Irin wannan haɗi yana yin zafi, kuma shi ne ke jawo gobara.

Gwajin fitila

Idan mota ta ƙi tashi, kada ka yi saurin yanke hukunci a kan batiri. Ruwa ba ya tsami banza, sai a nemi dalili. Ka sa giya a furi, ka ja birkin hannu, ka kunna manyan fitilu. Wani ya tsaya a gefe yana kallonsu, kai kuma ka murɗa makulli. Ɗaya daga cikin abu huɗu zai faru.

1. Fitilu ba su kama ba tun farko. Batiri ya ƙare ƙaf, ko kuwa zoben kansa ya rabu da shi, ko babbar waya ta yanke.

2. Fitilu sun kama, amma da aka murɗa makulli suka mutu gaba ɗaya. Yawanci zobe ne ya yi sako-sako ko datti. Gwada juya shi da hannu. Idan ya motsa, ka sami ɓarawon.

3. Fitilu sun dushe sosai, inji yana juyawa da ƙyar. Cajin batiri ya yi ƙasa, ko batirin ya tsufa. Wani lokaci demarer ne da kansa ya yi nauyi.

4. Fitilu suna nan da haskensu, inji bai motsa ba. Batiri lafiya lau yake. Matsalar tana tsakanin makulli da demarer, ko cikin demarer, ko a wayar mas ta inji. Irin wannan ce ta same mu a Tenhiya.

Kada a riƙe makulli a murɗe fiye da daƙiƙa 10. A huta rabin minti kafin a sake. Yawan naci yana ƙona demarer, yana kuma ƙarar da sauran cajin da ya rage.

Alamomin mas mara kyau

Akwai alamomi da mota ke nunawa tun kafin ta tsayar da kai a hanya. Inji yana juyawa a kasale ko da batiri sabo ne. Yau ta tashi, gobe ta ƙi, jibi ta tashi. Alluran da ke gaban direba suna rawa idan an kunna fitila. Ka taka birki, sai fitilar nuna kwana ta kama a dushe. Wannan na ƙarshe yana nufin mas ɗin fitilun baya ya lalace, wuta ta rasa hanyarta, tana ratsawa ta cikin wani ƙwan fitila. Haka kuma idan wayar mas ta inji ta yanke, wuta takan nemi hanya ta siririyar wayar totur, har ta yi zafi ta ƙone.

Ga hanya uku ta tabbatarwa.

Ta farko da hannu. Bayan an gwada tayar da mota, taɓa kawunan batiri da wuraren da manyan wayoyi suka ɗauru, a hankali. Inda ka ji zafi, nan wuta take shan wahalar wucewa.

Ta biyu da waya mai kauri. Kama baki ɗaya a kan − na batiri, ɗaya bakin a wani ƙarfe mai tsabta na jikin inji. Ka yi wa wuta sabuwar hanyar komowa ke nan. Murɗa makulli. Idan mota ta tashi, batiri da demarer ba su da laifi, wayar mas ce.

Ta uku da mitar auna wuta, ga wanda yake da ita. Ƙarama ce, ana sayar da ita a shagunan kayan mota da na masu sola. Idan inji yana kashe kuma batiri ya huta, cikakken caji yana nuna 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabin caji ne. Ƙasa da 12 batiri yana bukatar caji nan da nan. Don auna mas, sa baki ɗaya na mita a kan − na batiri, ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa makulli. Lambar da ta fito ita ce wutar da ke ɓata a hanya. Idan ta kai rabin volt, wato 0.5, hanyar komowa tana son gyara.

Yadda ake wankewa da ɗaurewa

1. Kashe inji, cire makulli. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka. Kada kowa ya sha taba a wurin.

2. Fara kwance kan − tukuna, sannan kan +. Dalili shi ne: muddin kan − yana haɗe, duk ƙarfen mota hanyar wuta ne. Idan sifanarka tana kan + ta taɓa jikin mota, wuta za ta yi tartsatsi, sifana ta yi ja, batiri yana iya fashewa. Idan an riga an cire kan −, wannan hatsarin ya kau.

3. Jiƙa ƴar kanwa cikin ruwa, kamar cokali ɗaya a kofi. Kanwa tana kashe kaifin asid. Shafa ruwan a kan garin da ya taru, za ka ga yana kumfa. Ka tabbata murafun batiri a rufe suke, domin idan ruwan kanwa ya shiga ciki ya kashe batirin. Ɗauraye da ruwa mai kyau, ka goge ya bushe.

4. Kankare kan batiri da cikin zoben da takardar yashi ko bayan wuƙa, har ƙarfe ya yi ƙyalli.

5. Bi baƙar waya zuwa inda ta ɗauru a jikin mota. Kwance notin, kankare tsatsa da fenti har ka ga farin ƙarfe, ka mayar ka ɗaure tam. Yi haka ga wayar da ke tsakanin inji da shasi, a bakinta biyu. Idan silinta sun tsittsinke ko sun yi kore, canza ta da mai kauri irin nata. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan aiki.

6. Wajen mayarwa, fara da kan +, ka ƙare da kan −. Ɗaure har zobe ya daina juyawa da hannu. Kada a buga shi da guduma ko dutse, kada kuma a cusa ƙusa don ya kama. Duka yana tsaga jikin batiri.

7. Bayan an ɗaure, shafa ɗan giris a bisa don ya hana tsatsa. A ɗaure batirin kansa a mazauninsa.

Idan batirinka mai murafu ne, buɗe su sau biyu a wata lokacin zafi. Ruwa ya rufe fayafayai. Idan ya yi ƙasa, ƙara tataccen ruwan batiri da ake sayarwa a kwalba. Kada ka zuba ruwan rijiya ko na tabki, gishirin da ke cikinsu yana lalata fayafayai. Kada kuma ka ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan.

Fiyus mai gadin waya

Idan robar waya ta cinye, silin ciki ya taɓa ƙarfen mota, wuta tana yanke hanya ta koma batiri ba tare da ta yi aiki ba. A lokacin tana gudu da yawa ƙwarai, waya ta yi ja, roba ta kama wuta. Don hana wannan aka sa fiyus. Ɗan siririn ƙarfe ne da ke narkewa kafin waya ta ƙone.

Kowane fiyus yana da lamba a bayansa. A irin masu ƙafa biyu na roba, launi ma yana faɗin lambar: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan ya ƙone, sa wani mai lamba ɗaya da shi. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe. A bi ta a nemo wurin. A fi dubawa inda waya ta ratsa ramin ƙarfe, da kusa da salansa, da bakin ƙofa, da wurin da aka taɓa yin ƙari.

Wasu suna naɗa takardar azurfa ta kwalin taba ko silin waya a madadin fiyus. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi. Ran da waya ta taɓa ƙarfe, ita ce za ta ƙone, wataƙila da motar da kayan mutane.

Kana iya yin fitilar gwaji da kanka. Sami ƙaramin ƙwan fitilar mota, ka haɗa masa waya biyu. Taɓa ɗaya a ƙarfen mota, ɗaya a wurin da kake tuhuma. Idan ya kama, wuta ta iso nan. Ci gaba da bin wayar. Tsakanin inda ya kama da inda ya ƙi, nan ta yanke.

Batirin da ke kwana da caji ya wayi gari babu

Wannan yana da dalili uku: wani abu yana shan wuta da dare, ko injin caji ba ya mayar wa batiri abin da ya kashe, ko batirin ya tsufa.

Don gane na farko, kashe kome, rufe ƙofofi, cire makulli. Cire zoben kan −, ka sa fitilar gwaji tsakanin zoben da kan batiri. Idan ta kama da haske, akwai mai sha. Riƙa cire fiyus ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka cire fitila ta mutu, a layinsa matsalar take. Sababbin motoci masu kwamfuta suna shan ƴar wuta kaɗan ko da a kashe suke, saboda haka su da mita ake auna su.

Na biyu kuma, dubi jar fitila mai hoton batiri a gaban direba. Tana kamawa idan an buɗe makulli, ta mutu idan inji ya tashi. Idan ta zauna a kunne, ba a caji. Kashe inji ka duba bel ɗin da ke juya injin caji, ko ya saki ko ya tsinke. Da mita, batiri ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5 lokacin da inji ke aiki. Ƙasa da 13 ba a caji. Sama da 15 caji ya yi yawa, ruwan batiri zai tafasa.

Akwai wata al'ada ta cire kan batiri inji yana aiki, wai don a ga ko ana caji. A daina. Tana iya ƙona injin caji, a sabuwar mota kuma har da kwamfutarta.

Ɗaukar wuta daga wata mota

A tabbata batiran biyu ƙarfinsu ɗaya. Kada a ba motar volt 12 wutar volt 24. Motocin kada su taɓa juna. Sannan a bi wannan jeri: jar waya a kan + na mataccen batiri, ɗaya bakinta a kan + na mai rai. Baƙar waya a kan − na mai rai, ɗaya bakinta a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batiri. Idan ta tashi, a cire wayoyin daga na ƙarshe zuwa na farko. A duba alamar + da − da ido, kada a dogara ga launin waya kaɗai, don wani makanike yana iya sa abin da ya samu.

Batiri da lafiyar iyali

Batiri yana fitar da wata iska mai suna haidirojin, musamman lokacin caji. Ba a ganinta, amma tartsatsi ɗaya yana sa ta fashe. Shi ya sa ake kama baƙar waya ta ƙarshe nesa da batiri. Kada a leƙa cikin batiri da ashana ko fitilar kananzir. Masu cajin batiri a gida da faifan sola su ajiye shi inda iska ke shiga, ba a ɗakin kwana ba.

Asid yana ƙona fata da tufafi, yana makantar da ido. Idan ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, sannan a tafi asibiti. Kada a sa kwalli, ko nono, ko ruwan kanwa a idon. Kada a zuba asid cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha, yaro zai ɗauka abin sha ne. Idan wani ya sha, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti.

Dalmar da ke cikin batiri guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, ta hana su girma da fahimtar karatu, idan ta yi yawa ta kawo jijjiga da mutuwa. A unguwar Caroy ta bakin teku, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda mutanen unguwar suna fasa tsofaffin batura suna tara dalma a gidajensu. A jihar Zamfara ta Nijeriya ma, a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gida ta kashe ɗaruruwan yara. Saboda haka kada a fasa tsohon batiri a gida. Kada a narka dalmarsa a tukunyar abinci. Kada a mai da kwandonsa mazubin ruwan kaji ko na dabbobi. Kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko a gona. A mayar da shi ga mai sayar da batiri yadda yake, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Guzurin direba

Duk motar da za ta bar kwalta ta riƙe waɗannan: sifana mai lamba 10, da 12, da 13, filaya, sukundireba, takardar yashi, fiyus na kowace lamba, tef na naɗe waya, fitilar gwaji, manyan wayoyi biyu na ɗaukar wuta, kwalbar tataccen ruwa, bel na ajiya, da tocila. Dukansu suna shiga cikin ƙaramar jaka. Kowane mako, kafin ranar kasuwa, a buɗe gaban mota a girgiza zoben batiri, a ja wayar mas a ji ko tana nan daram. Rigakafi ya fi magani. Kwamitin gari da ke kula da motar ɗaukar marasa lafiya ya sa wannan dubawa cikin aikinsa, ya rubuta ranar da aka yi ta a littafi. Ga amfanin karatu nan a fili: wanda ya iya karanta +, da −, da lambar fiyus, ya rage wa kansa rabin wahala.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mene ne mas, kuma me ya sa inji yake bukatar wayar mas tasa?
2. Ka kunna fitilu, ka murɗa makulli, haske bai ragu ba, inji bai motsa ba. Ina za ka duba?
3. Wane kan batiri ake fara kwancewa, kuma don me?
4. Fiyus shuɗi ya ƙone. Mai wace lamba za ka sa?
5. Faɗi abu uku da ba a yi da tsohon batiri.

Malamin aji ya nemi wani direba na gari ya kawo motarsa, ɗalibai su ga kan + da kan −, su bi baƙar waya da idonsu har inda ta ɗauru. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya.